Makullin Ɗakin Mata

Tawa, farkon damina

Ƙanena Isma'ila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikinka da ruwan Abidjan da ba ya gajiya. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. An samu ruwa, mutanen Bambeye sun aiko cewa gonarmu ta sha har an fara shuka. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, amma kada ka kira ta ka nuna ka ji, don a wurinta ba ta taɓa ciwo ba.

Na zauna na rubuta ne maimakon saƙon murya, saboda a shagon nan in na buɗe baki har mai shayin bakin titi sai ya sa nasa.

Injin da ka yi ta damuna in saya ya iso. Wani ɗan Maraɗi ne ya kawo, na hannu ne amma mai kyau. Kai kana ce masa serveur, na ji wani a rediyo yana cewa uwar garke, kuma wannan ya fi shiga kunnena. To, uwar garke tana nan ƙarƙashin tebur lulluɓe da tsohon zani, garken kuwa kowa yana kiwonsa daban. Kwamfutar gaba tana wurin yaron shagona Issouf, yana hotunan katin shaida da na 'yan makaranta, 'yan lakkwal ɗin nan. Ta tsakiya ita ce ta gyara da bugawa. Ta uku tana ɗakin mata. Duk yini kile ɗaya, ɗan abin nan da ake kwafe hotuna a ciki, ke yawo tsakaninsu kamar ludayi a gidan suna. Kwanan nan na buga wa wata amarya babban hoto, aka sa gilashi aka kai, ashe wanda ke cikin kile ba gyararren ba ne, idonta ɗaya a rufe. Uwar amarya ta zo ta wanke ni tas a gaban mutane, kuma da gaskiyarta.

Ka ce sai an zaɓi manhajar da za ta haɗa su, yadda abin da aka ajiye wuri ɗaya kowa zai same shi. To ka zaɓa mini. Amma kafin ka fara zuba mini faransanci, ga sharaɗina, shi ne ma dalilin wasiƙar.

Ka bar gida kafin in buɗe ɗakin mata, ba ka san yadda yake ba. Matan da mazajensu ke can wurinku, ko Libiya, ko Aljeriya, su ne ke zuwa, yawanci ranar kasuwa, daga Takanamat da Tebaram da ƙauyukan kewaye. Mace ta yi kitso, ta yi lalle, ta zo da kayanta a leda. In ta shiga in sa sakata, ta cire hijabi da kallabi, in ɗauke ta. Ba wani abin kunya ba ne, kai ne a buɗe da kwalliya, amma ka san a wurinmu wannan ma ba na kowa ba ne. Mu tura wa mijin daga wayarta, sannan mu goge a gabanta, saboda a ƙauye waya tana yini wurin mai caji, samari kuma babu abin da ba sa leƙawa. Asalin hoton yana zama wurina. In miji ya yar da waya ko an sace, ta dawo mu sake turawa. Abin da nake gaya wa kowace mace ɗaya ne: bayan ni da ke da maigidanki, babu mai gani. Da wannan maganar nake cin abinci, Isma'ila, da ita kuma nake haɗa ido da mutane.

Duk abin da za ka zaɓa, kada ya taɓa wannan.

Yayarka,
Shamsiya

Abidjan

Yaya Shamsiya,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na karanta a wurin aiki ina dariya har shugabana ya leƙo. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Na kira ta ban nuna na ji ba, ta ce mini ita ce ma ke ɗebo ruwan gidan. Ni lafiya lau, sai 'yar mura.

Hanya biyu ce, kuma zan faɗa da Hausa tunda an hana ni faransanci.

Ta farko sunanta Samba. Kyauta ce, ta kuma daɗe tana aiki a duniya. Za a ja waya daga kowace kwamfuta zuwa uwar garke, sai dosiyoyi, wato jakunkunan da hotuna ke ciki, su bayyana a kowace kamar a cikinta suke. Kowa da sunansa da kod ɗinsa, wato lambar sirrinsa: Issouf ya ga na kati da na biki, ke ki ga duka. Ba ruwanta da intanet, ko rezo ya ɗauke aikinku yana tafiya. Sai dai yadda za mu ɗora ta, iyakarta bangon shago. Ranar da ta ƙi tashi ke ce da ita, ni sai dai in yi ta ihu a waya.

Ta biyu tana bi ta intanet. Ita ma a cikin injinki za ta zauna, amma tana da ƙofa ta waje. Abin da aka gyara a kwamfuta ɗaya yana gyaruwa a sauran nan take, don haka ba za a sake yin amarya mai ido ɗaya ba. In mai biki yana Yamai, ki tura masa adireshi ya ɗauki hotunansa da kansa. Babban abin kuma shi ne ina iya shiga daga nan in gyara duk abin da ya lalace, ke ba ki taɓa komai ba.

Ni ta biyun nake so. Yaya, ke ce fa kika kira ni bara kina salati wai kwamfuta ta mutu, muka yi ta bincike har kati ya ƙare, ashe mai shara ce ta zare waya daga bango. Ki bar wa masu abu abinsu. Maganar ɗakin mata na ji ta. Za a yi masa dosiye daban, a rufe da kod ɗin da ke kaɗai kika sani. Ni zan riƙe babban makulli saboda gyara, amma ai ni ƙanenki ne.

Ki yanke ki gaya mini. Ki gaishe da Inna, ki ce mata ta bar ɗiban ruwan nan da ba ta yi.

Naki,
Isma'ila

Tawa

Isma'ila,

Gaisuwa. Muna lafiya. An yi rasuwa a Bambeye, ƙanwar kakarmu ce Allah ya yi wa cikawa. Zan raka Inna, sai an share makoki za mu dawo.

Na ga labarin mai shara bai tsufa a wurinka ba. Madalla. Tunda kai ne mai abu, ni kuwa ban san komai ba sai latsa kamara, ka yi yadda ka ga dama. Issouf yana shago.

Maganar ɗakin mata dai na riga na faɗa.

Shamsiya

Abidjan

Yaya,

Allah ya jiƙan tsohuwa, ya sa ta huta. Ina fatan kun huta gajiyar hanya, gwiwar Inna kuma ba ta tashi ba. Murata ta warke.

Na gode da kika bar mini wuƙa da nama. Ranar da kika dawo ban yi miki dogon bayani a waya ba, na ji muryarki a gajiye, shi ya sa na ce kawai an gama, ki sa kod ɗinki. Ta biyun na ɗora. Issouf ya yi ƙoƙari, ni ina faɗa shi yana latsawa. Na ga ma dosiyen ɗakin mata ya yi nauyi, alamar kin kwashe hotunan zuwa ciki. Madalla.

Yaya, ban san haka zan ji ba. Na shiga dosiyen gaba don in gwada ko yana aiki, sai ga Malam Attaher da ya koyar da mu a lakkwal, ya zo hoton kati, kansa fari fat, yana ɗaure fuska kamar zai tambaye ni jadawalin lissafi. Na buɗe na bikin sunan gidan maƙwabtanmu. A gefen wani hoto, ba ita ake ɗauka ba, ga Inna riƙe da kwano, ta juya tana dariya da wata da ba ta fito ba. Kin san yadda take riƙe waya in na kira da bidiyo, goshinta nake gani da rufin ɗaki. Rabon da in ga dariyarta tun ina gida. Na yi ta ƙara girman hoton har ya dushe. Na yi hawaye kaɗan, kada ki gaya wa kowa. Yanzu kullum lokacin cin abincin rana sai na leƙa in ga wa ya shigo shago, wa ya yi aure, wa ya tsufa. Abidjan ta ɗan rage nisa.

Ranar Lahadi na je taron 'yan gida da muke yi a Adjamé. Na kasa riƙe abin, na fito da waya na ce musu daga nan ina ganin duk abin da ke cikin injin shagon yayata. Ki zo ki ga yadda suka rufe ni. Wani ya ga kawunsa, wani ya ga ƙofar gidansu a bayan ango. Sun sa miki albarka sosai, sun ce kin ciyar da Tawa gaba. Ciɗo ne kawai, wani ɗan Takanamat mai sayar da albasa, ya tambaye ni, “Duka kaka gani?” Na ce duka mana. Ya sa takalmansa ya fita ko sallama babu. Ina jin ciniki ne ya ɓata masa rai.

Ki gaya mini yadda kike jin daɗin aikin, in kuma za ki yaba mini kada ki ji kunya.

Ƙanenki mai abu,
Isma'ila

Abidjan

Yaya,

Lafiya? Na kira ba ki ɗauka ba, na turo saƙo shiru. Injin ma ya daina amsawa, ko wuta ce? Na kira Issouf ya ce in tambaye ki. Na kira Inna ta ce kowa lafiya, amma ta faɗa da irin muryar da take yi in na fasa abu. In maganar mai shara ce har yanzu, na tuba, wasa nake yi. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Isma'ila

Tawa, tsakiyar damina

Isma'ila,

Muna lafiya. Hatsi ya yi kyau, Inna tana tafiya da ƙafarta. Ba wuta ba ce, ni na kashe injin. Ban ɗauki wayarka ba don kada in faɗi abin da zan yi shekara ina gyarawa.

Tun kana yaro, in na ce maka ka yi yadda ka ga dama, ka san abin da ke biye. Yau don ka je Abidjan ka karanta shi a rubuce sai ya zama izini? Da ka ce mini an rufe da kod, na ɗauka ta cikin bango ka ɗora. Da hannuna na kwashe hotunan matan nan na zuba. Wannan sakacina ne, ya kamata in tambaya. Sai a wasiƙarka na gane, ita kuma wasiƙar ba ta riga labari isowa ba.

Ciɗon da ka ce ciniki ya ɓata wa rai yana da mata a Takanamat, sunanta Hawa. Kafin azumi ta zo wurina. Yarinya ce mai kunya, sai da na yi ta ba ta dariya kafin ta yarda ta ɗaga kai. Daga taronku ya kira gida. Bai kira ta ba ma, uwarsa ya kira.

Ranar kasuwa ina buɗe shago na tarar da mata zaune a ƙofa, ba mai leda a hannu. Hawa tana gefe idonta ya kumbura. Uwar mijinta, Gwaggo Raƙiya, ita ta yi magana, ba ta ko amsa gaisuwata ba.

“Ke ɗiyar ga, an ce muna ƙanenki na zaune Abidjan shina kallon kanun matan mutane cikin wayatai. Gaskiya na ko ƙarya?”

Na ce, “Gwaggo, a rufe suke da kod, ni kaɗai na san shi.”

Ta ce, “Ni ban san kod ba. Shi da bakinai yac ce duka shika gani, gaban mutane. Ɗana na can, an ce matatai na cikin wayar wani. Mi kika so in ce mishi?”

Hawa ta ɗago ta ce, “Shamsiya, ke kinka ce babu mai gani.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma shi ya fi yi mini ciwo.

An kwashe ta daga ɗakinta, Isma'ila. Tana gidan iyayenta, an ce ta zauna can sai an ga gaskiyar zance. Ba a ce saki ba, amma ka san yadda irin wannan zaman ke tsawo. Wasu matan sun ce in goge nasu a gabansu, na goge. Tun daga ranar babu wadda ta taka ɗakin mata. Ciniki ba shi ne damuwata ba, hoton kati zai ciyar da ni. Damuwata ita ce yarinyar da ta yi kitso don mijinta ya ji daɗi, yau tana zaune tana jin ana nuna ta da baki.

Na san ka. Na san ba ka buɗe ba, ko ba ka rantse ba. Labarin dariyar Inna ma na karanta shi na ajiye wasiƙar na share ido, ina cikin fushin. Amma ba wannan nake tambaya ba. Ka amsa mini tsakaninka da Allah, ba da faransanci ba: da wannan babban makullin, in ka so, kana iya buɗewa?

Yayarka duk da haka,
Shamsiya

Abidjan

Yaya Shamsiya,

Na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma jikina lafiya.

Ina iyawa. Ban buɗe ba, ban taɓa tunanin buɗewa ba, amma mai babban makulli yana iya canza kod ɗin kowa, yana iya bi ta bayansa ma. Na san haka tun ranar da na rubuta miki cewa ni ƙanenki ne. A wurin aikinmu haka ake yi, mai gyara yana riƙe komai, babu mai damuwa. Na manta cewa ni ƙanenki ne ke kaɗai, ga Hawa ni namiji ne kamar kowane.

Na je wurin Ciɗo a kasuwa. Ya bar ni tsaye yana auna wa mutane albasa har rana ta karkata. Da ya juyo na yi masa bayani, na rantse, na miƙa masa wayar na ce ya duba da kansa. Bai karɓa ba. Ya ce, “Ni ban ce ka duba ba. Amma yau kai na, gobe wayarka ta faɗi cikin mota, wa ka tsinta? Ni ina nan ina dakon buhu, abu guda gare ni da ba kowa ka gani ba.” Yaya, na yi shekaru ina koyon yadda ake tsare inji, wannan tambayar kuma daidai take.

Ga abin da nake gani. Mu share ta biyun gaba ɗaya, mu ɗora Samba. Uwar garke da kwamfutocin uku a haɗa su su kaɗai, kada ko waya ɗaya ta je akwatin rezo. Abin da za a tura wa mutane a tura da wayar hannu kamar da. Ke za ki ɗora da hannunki, ba Issouf ba, ke za ki sa babban makulli, ni ba na son saninsa. Ki samu faifai na biyu ki riƙa kwafe komai kina kulle shi a gida, don in na cikin injin ya mutu ba ni kusa. Zan rubuto miki komai dalla-dalla, in kin maƙale ki kira, in yi ihun da na ce.

Sai dai wannan gyaran inji ne, ba zai mayar da Hawa ɗakinta ba. A gaban mutane na yi ɓarnar, a gabansu ya kamata a gyara. Taronmu Lahadi ne, kasuwarku ma Lahadi. Ki roƙi Gwaggo Raƙiya ta zo da Hawa. Ki kunna injin sau ɗaya, mu haɗa kiran bidiyo, kowa ya ga ina shiga, sannan a raba shi da rezo a idonsu, su ga na kasa. Ciɗo ya ce zai zo, bai ce ya yarda ba.

Zan yi kewar leƙen rana, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba nawa ba ne.

Ki yafe mini.

Isma'ila

Tawa, hatsi ya fara bununi

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka. Na yafe maka tun kafin ka roƙa, ina jira ne ka ɗan sha wuya.

Kai rabin abin ka gani, saboda Issouf ne ke riƙe da wayar kuma bai iya saita ta ba. Bari in ba ka sauran.

Sai da na je Takanamat da kaina kafin Gwaggo Raƙiya ta yarda. Ta zo da Hawa da wasu tsofaffi biyu shaidu. Lokacin da ka buɗe hoton Malam Attaher daga can, ya fito a fuskar wayarka, ɗaya tsohuwar ta ja hijabinta har hanci, alhali a rufe take. Gwaggo ba ta kalli waya ba sam. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ce, “Wace igiya ka zuwa Abidjan?” Na nuna mata shuɗiyar da ta tashi daga uwar garke zuwa akwatin rezo, na kai hannu zan zare. Ta buge mini hannu.

“Abin da anka zare ana maida shi,” in ji ta.

Na miƙa mata almakashi, ta ƙi. Ta kwance ƙullinta ta fito da wuƙar da take yanka kuɓewa. Ta yanke ta nan, ta yanke ta can, ta ɗauke tsakiyar. Wannan ne lokacin da ka ji Issouf ya yi salati. Sai muka ji muryarka kana cewa ga shi, ya ƙi, ku duba, mazan can suna ta hayaniya, wani yana cewa a sake gwadawa. Ka sake, ya ƙi. Muryar Ciɗo ce kawai ban ji ba.

Da aka kashe kiran, Gwaggo ta naɗe guntun wayar ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce shi za ta nuna wa mutanen gari. Ta dube ni ta ce, “Yaron ga wauta gare shi, amma ba mugu ba na.” Na ce haka muke fama da shi tun yana rarrafe. Daga nan ta juya ga Hawa ta ce ta biya gidansu ta ɗauko kayanta. Hawa ta kama hannuna ta matse har zobe ya shige mini.

Samba kuma na ɗora ta. Na bi takardarka, na ɓata, na sake, na zage ka a zuci, na sake. Da aka zo wurin babban makulli na aiki Issouf sayen ƙanƙara. Yanzu in ya ɗauki hoto a gaba, kafin mutum ya gyara hularsa na gan shi a tsakiya. Ya gwada buɗe dosiyen ɗakin mata a gabana don mu tabbatar, injin ya ce bai san shi ba, har ya ji haushi. Faifai na biyu yana cikin akwatin kayana. Kile kuma ya yi ritaya. Ka ga mai latsa kamara.

Matan ba su dawo duka ba. Wasu ba za su dawo ba, na sani, kuma ban ga laifinsu ba. Amma Lahadin nan na sa sakata sau biyu. Ba zan gaya maka ko su wa ba ne.

Na gaya wa Inna yanzu ba ka ganin hotunan shago. Ta ce mai son ganinta ya san hanyar tasha.

Ka kula da kanka, ka rage surutu a taro.

Yayarka,
Shamsiya

Abidjan

Yaya mai babban makulli,

Na ji daɗin lafiyarku. Ni ma lafiya lau. Ki gaya wa Inna saƙonta ya iso, na riga na shiga ofishin shugabana da maganar hutu, ya ce bayan kaka. Kada ki gaya mata tukuna, kada ta ce za ta share gidan da gwiwar da ba ta ciwo.

Har yanzu in na zauna cin abincin rana hannuna yana zuwa waya da kansa. Sai in tuna, in mayar da ita aljihu.

Tun ranar wuƙar kuɓewa Ciɗo bai yi mini magana ba. Yana zuwa taro, ya gaisa da kowa, in ya zo kaina ya ba ni yatsu ya wuce. Na ce ba komai, ni na jawo.

Jiya muna zaune ana gardamar kokawa, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe, ya zagaya bayan bango inda ake ajiye butoci. Ya daɗe. Da ya dawo yana ta ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi. Wani ya ce Ciɗo ko albasa ta yi tsada, ya ce a bar shi. Babu wanda ya ƙara tambaya, ni kuwa ƙasa nake kallo.

Aka kira la'asar, mutane suka fara tashi. Ga 'yan garinsu nan zaune, ga abokan cinikinsa. Ya tsallake su duka ya zo inda nake, ya ɗora mini wayar a hannu ya ce, “Riƙe mini, in yi alwala.”

Ko rufe ta bai yi ba, Yaya, haskenta yana fita ta tsakanin yatsuna. Na kife ta a gwiwata na danne da tafi, na kafa wa bango ido har ya dawo.

Ƙanenki,
Isma'ila